Jagorar Zuwa Turfan, Garin Inabi a Tsakiyar Hamadar Sin

Shekara da shekaru ina zuwa Gwanzu sarin kaya, amma in ban da otal, kasuwa da ofishin 'yan kago, babu abin da zan bugi ƙirji in ce na sani a ƙasar Sin. Abin da ya kai ni Turfan bai taka kara ya karya ba. Wani mai gidan abinci ne, ɗan ƙabilar Uygur, yake ajiye mana zabibi kore shar a faranti duk sanda ya kawo shayi. Na tambaye shi yadda aka yi busasshen inabi bai yi baƙi ba. Ya ce a garinsu ba a shanya shi a rana, iska ce ke busar da shi cikin ɗaki, kuma sai a shekara ba a yi ruwan da zai jiƙa wa mutum riga ba. Na ɗauka cika baki ne irin na mai kewar gida. Da na je na tarar ko rabi bai faɗa ba.

Turfan dausayi ne a yankin Shinjiyang, arewa maso yammacin Sin, kimanin kilomita 180 daga Urumci, babban birnin yankin. Garin na cikin wani ƙaton kwari. Ƙasan kwarin, wato tafkin Aydin, ya yi ƙasa da doron teku da mita 154, kuma babu wuri mai zurfinsa a duk faɗin ƙasar. Ruwan saman shekara guda bai wuce milimita 16 ba. Agadas da muke kira Sahara tana samun fiye da ninki biyar na wannan. Duk da haka inabi har kan titi, an yi masa rumfuna mutane na tafiya a inuwarsa. Ruwan da ke raya shi narkakkiyar ƙanƙara ce daga duwatsun Tiyanshan, wadda ake jawowa ta ƙarƙashin ƙasa. A kan ruwan nan na tsara wannan jagora: ka fara ganin inda yake fitowa, sannan abin da yake shayarwa, sannan garuruwan da suka zama kufai.

Masu tallan yawon buɗe ido kan kira wurin yankin giyar inabi, kuma akwai ta, zan zo kanta. Ni ba na sha, kuma mafi yawan inabin Turfan ba giya ake yi da shi ba. Ɗanye ake ci, ko a busar.

Mataki na ɗaya: zaɓi watan tafiya

Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba. Lokacin inabi ya nuna, ɗakunan busarwa sun cika, kankana ta yi arha, kuma a ƙarshen Agusta ake bikin inabi na shekara.

Kada ka ce kai ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maiduguri, zafi ba ya ba ka tsoro. A watan Yuli awo 40 abin yau da kullum ne a can, kuma ranar 16 ga Yulin 2023 an auna 52.2 a ƙauyen Sanbao, zafin da ba a taɓa rubuta irinsa a Sin ba. Zafi ne busasshe, gumi na fitowa yana ƙafewa, sai ka ji kai na sarawa kafin ka gane ƙishirwa ce. Hunturu kuma ruwa na daskarewa. Saboda haka manoma ke sauke itatuwan inabi daga rumfa su binne su da ƙasa kafin sanyi ya shigo, su tono su a watan Maris. Wanda ya je a Janairu zai ga sanduna ne tsirara. Afrilu da Mayu ba laifi, sai dai iska.

Mataki na biyu: takardu, waya da kuɗi

Ɗan Najeriya da ɗan Nijar duka sai da biza. A Najeriya ana miƙa takardu a cibiyoyin bizar Sin da ke Abuja da Legas, a Nijar kuma ofishin jakadancinsu na Yamai. Ka haɗa da katin rigakafin shawara. Turfan ba ta buƙatar izini na musamman irin na Tibet, amma fasfo ba zai rabu da aljihunka ba ko na minti ɗaya. Da shi ake shiga tashar jirgi, da shi ake sayen tikitin wuraren tarihi, shi ake nunawa a shingen hanya.

WhatsApp, Facebook da Google ba sa aiki da layin waya na can ko intanet ɗin otal. Wanda ya bar layin gida a buɗe ko ya sayi eSIM tun kafin ya tashi, yakan same su. Ka sauke manhajoji tun kana gida: Alipay ko WeChat don biyan kuɗi, Amap don taswira, Didi don tasi, Trip.com don tikiti da otal, sai wata manhajar fassara mai aiki ba da intanet ba. Alipay da WeChat suna karɓar katin Visa da Mastercard na waje, amma ka gwada naka kafin tafiya, domin katin naira ba abin dogaro ba ne. Ka riƙe 'yan yuwan a hannu, ƙananan takardu, saboda tsohuwar da ke sayar da inabi a ƙofar gida ba za ta sami canjin ɗari ba. Wani abu kuma: tun tsakiyar 2025 ba a barin batirin cajin waya ya shiga jiragen cikin gida sai yana da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Sin, a jikinsa.

Mataki na uku: hanya, da tashar da za ka sauka

Daga Kano ko Abuja yawancinmu ta Addis Ababa, Alƙahira ko Doha muke bi zuwa Gwanzu. Daga Gwanzu zuwa Urumci awa biyar ne a sama, ka ga girman ƙasar ke nan. Daga Urumci sai jirgin ƙasa mai gudu, wanda aka buɗe layinsa a 2014. Kimanin awa ɗaya kana Turfan. Ana fara sayar da tikiti kwana 15 kafin ranar tafiya, kuma lokacin inabi yana ƙarewa da wuri. Ka nemi kujerar taga. Za ka ratsa Dabanceng, fili fetal cike da fankokin samar da lantarki iya ganinka, inda iska ke da ƙarfin da sai da aka yi wa layin dogo katanga.

Ga inda na yi kuskure. Tashoshi biyu ne. Wadda kake so ita ce ta arewa, a tikiti za ka ga an rubuta Turpan North ko Tulufanbei, kuma tana kusa da gari. Wadda aka rubuta Turpan kawai tsohuwar tasha ce a garin Daheyan, wajen kilomita 50 daga inda za ka kwana. Ni na ga tikiti mai arha na danna. Muka sauka da dare ni da maigidana, babu inabi babu dalilinsa, sai tsakuwa da iska. Ya dube ni ya ce, "To malam mai boko, ina gonar take?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, tana gaba." Kuɗin motar da ta kai mu gari ya cinye rangwamen har da ƙari.

Mataki na huɗu: masauki, agogo da direba

Kafin ka biya kuɗin otal, aika musu saƙo ka tambaya ko suna karɓar baƙi 'yan ƙasar waje. Doka ta ce a yi wa baƙo rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24, otal ne ke yi, kuma wasu ƙananan masaukai ba sa son wahalar. Wani ya mayar da mu daga bakin kanta duk da mun riga mun biya. In ka samu, zaɓi masauki mai tsakar gida da rumfar inabi. Mutanen Turfan a waje suke kwana da bazara, kan gadajen ƙarfe a tsakar gida ko saman soro, kamar dai mutanen birnin Kano kafin zuwan fanka.

Agogo biyu ake amfani da su. Jirgi, banki da ofis suna bin lokacin Bejin. Uygur da yawa kuma suna bin lokacin gida, wanda ke baya da awa biyu. Duk alƙawarin da za ka yi, tambayi wane lokaci ake nufi, in ba haka ba ka yi zaman jiran direba awa biyu a banza. A agogon Bejin rana ba ta take tsaka sai bayan ƙarfe biyu, magariba kuma a ƙarshen Agusta sai wajen tara saura.

Wuraren gani a warwatse suke, don haka ka ɗauki shatar mota ta yini. Masauki zai haɗa ka da direba. Ku yi ciniki a rubuce a waya: wuraren da za a je, lokacin dawowa, da wanda zai biya kuɗin ajiye mota. Direba Basine ana ce masa "shifu". In Ba'uygure ne kuma ya girme ka, ce masa "aka", wato yaya. "Rahmat" ita ce na gode. Tsarin yini kuwa ɗaya ne: fita da sassafe, komawa inuwa daga ƙarfe ɗaya zuwa biyar, sake fita da yamma.

Mataki na biyar: rana ta farko, bi ruwa

Fara da karez. Tun daga tagar jirgi za ka ga tsibin ƙasa a jere cikin tsakuwa kamar suri, layi ɗaya daga gindin dutse zuwa gari. Kowane tsibi bakin rijiya ne. Ana haƙa rijiya ta farko can sama kusa da dutse, inda ruwan ƙanƙara ya nutse, sai a yi ta haƙa wasu a jere ana gangarowa, sannan a haɗa gindinsu da rami ɗaya mai ɗan gangare. Ruwa ya bi ramin da kansa, ba inji ba guga, har ya ɓullo a fili a bakin gona. Rijiyoyin na fitar da ƙasa ne da shigar iska da sauka gyara. Da a sarari aka jawo ruwan, da rana ta shanye shi tun bai yi rabin hanya ba. An taɓa ƙirga irin waɗannan ramuka sama da 1,000 a yankin, tsawonsu in an haɗa wajen kilomita 5,000. Yau da yawa sun ƙafe, saboda rijiyoyin burtsatse sun janye ruwan ƙasa. Irin wannan dabara ce ake kira foggara a dausayoyin Tuwat na Aljeriya, kan tsohuwar hanyar fatake.

Akwai gidan tarihin karez a gefen gari, inda za ka sauka ƙasa ka ga ramin da kayan haƙa. Je ka, awa ɗaya ya isa. Amma ka roƙi direba ya kai ka inda karez ke fitowa a wata unguwa ta talakawa. Namu ya tsaya a bakin wani lungu, muka sauka matakala kamar goma sha biyar cikin duhu. Sanyi ya fara dukan ƙafafuna tun ban ga ruwan ba. A ƙasa wata dattijuwa na tsugune tana cika buta, ta jiƙa kankana biyu a gefe, an tokare su da dutse kada ruwa ya tafi da su. Na tsoma hannu, sai da yatsuna suka yi tsami. A sama kuwa ba ka iya taɓa ƙarfen ƙofar mota.

Daga nan sai Hasumiyar Emin, kilomita biyu gabas da tsakiyar gari, gonakin inabi sun kewaye ta. An fara gina ta a 1777 don tunawa da Emin Hoja, sarkin Turfan na lokacin. Tsawonta mita 44, babu hasumiyar masallaci mai tsawonta a Sin. Ta Agadas mita 27 ce. Da tubali zalla aka yi ta, mai faɗi a ƙasa tana tsukewa a sama, kuma duk adon jikinta jeren tubalin ne aka sarrafa, kamar zanen hula. Ba a barin hawa yanzu. Masallacin da ke jikinta ma da tikiti ake shiga, ya fi kama da wurin ziyara.

Da yamma, in rana ta yi sanyi, tafi kufan Jiyawhe, a allo an rubuta Jiaohe, kilomita 10 yamma da gari. Birni ne a kan wani tsibirin ƙasa tsakanin koguna biyu, tsawonsa mita 1,650, gaɓarsa ta kai mita 30, don haka bai buƙaci ganuwa ba. Yawancin gidajensa ba ɗora su aka yi ba, sassaƙa su aka yi ana haƙawa ƙasa. Ya yi fiye da shekara 1,000 da mutane kafin yaƙe-yaƙen zamanin Mongol su tashe shi. Rashin ruwan sama ne ya bar shi tsaye. Mu da muke yaɓen gida duk shekara mun san abin da damina uku za ta yi wa katangar da ba mai kula da ita. A 2014 hukumar UNESCO ta sa shi, tare da kufan Gawcang, cikin wuraren tarihi na Hanyar Siliki. Babu inuwa ko ta tsinke a ciki. Ka shiga da ruwa lita biyu da malafa.

Mataki na shida: rana ta biyu, inabi da zabibi

Kwarin Inabi, da Sinanci Putaogou, yana arewa maso gabashin gari, tsawonsa kamar kilomita 8, rafi na ratsa shi. Yana da kyau, amma an mayar da shi kasuwar baƙi: tikiti, motocin zagayawa, 'yan rawa, da masu gayyatarka gida shan shayi, shayin da ƙarshensa tallan zabibi ne da tsada. Ka ba shi safiya ɗaya. Abin da ya fi shi yana kan tudun da ke bayan kowane ƙauye.

Nan za ka ga ɗakuna masu kusurwa huɗu, an jera tubalinsu ana barin ƙofofi, jikinsu duk huda kamar rariya. Sunansu cunce. A ciki sanduna ne ke reto daga rufi, kowace da ƙugiyoyi, an rataya nonnan inabi tun daga sama har kusan ƙasa. Rana ba ta shiga, iska mai zafi ce ke ratsawa dare da rana, cikin kwana 30 zuwa 40 inabi ya zama zabibi bai rasa korensa ba. Wanda aka shanya a rana shi ne ke yin ja ko baƙi. Mai cuncen da ya bar mu muka shiga ya tsinko guda biyu, ɗaya na kwana goma ɗaya na wata guda, ya sa mini a tafin hannu. Na farkon da sauran ruwa, fatarsa ta fara yamutsewa. Na biyun ya yi danƙo, zaƙinsa har maƙogwaro. Ƙamshin ɗakin kamar an buɗe tukunyar maɗi.

Irin da ya fi yawa fari ne ƙanana marar ƙwallo, shi ake busarwa. Akwai kuma dogo da ake kira nonon goɗiya saboda siffarsa, wanda ya fi daɗi ɗanye. Zaƙin daga yanayi yake: hasken rana wajen awa 3,000 a shekara, ga zafin rana ga sanyin dare, har sukarin da ke cikin ƙwaya ya haura kashi 20 cikin 100.

Wajen saye, je kasuwar gari ko wurin manomi. 'Yan Gwanzu su lura: a sauran Sin da jin ake awo, wato rabin kilo, amma a Shinjiyang da kilo cikakke ake faɗin farashi. Kada ka ji kuɗi ka zabura. Ɗanɗana kafin ka saya, ba mai hana ka. Damƙi kaɗan ka saki. In ya warware ya bushe da kyau, in ya dunƙule da sauran danshi, zai yi tsami a hanya. Ka wanke kafin ci, akwai ƙura, kuma wasu manoma na tsoma inabin a ruwan magani don ya yi saurin bushewa.

Mataki na bakwai: rana ta uku, gabas har Shanshan

Wannan yinin dogo ne, a fita da wuri. Hanya na bin gindin Duwatsun Wuta, jajayen tsaunuka masu tsawon kusan kilomita 100, ba ko ciyawa. Akwai wurin da aka killace aka kafa ƙaton ma'aunin zafi ana karɓar kuɗi. Ba sai ka shiga ba, dutsen ɗaya ne daga bakin titi.

Kogunan Bezeklik ɗakunan ibadar mabiya Buddha ne 77 da aka fafe a jikin gaɓar kogi. Kaɗan ake buɗewa, kuma bangon da yawa wayam yake. A farkon ƙarni na 20 masu binciken Jamus, cikinsu har da Albert von Le Coq, suka yanke zane-zanen da zarto suka kai Balin, inda bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka hallaka wani kaso. Har yanzu ana ganin sawun zarton. Kufan Gawcang, wajen kilomita 40 daga Turfan, ya fi Jiyawhe faɗi amma ya fi shi lalacewa. In lokaci ya ƙure, shi za ka tsallake. Sai dai tarihin giyar yankin daga nan ya taso: a shekarar 640 sojojin daular Tang ta Sin suka ci garin, aka kai wa sarki Taizong irin nonon goɗiya da dabarar matse shi, ya dasa a lambun fadarsa. Musulunci bai kafu a Turfan ba sai daga ƙarshen ƙarni na 14 zuwa na 15.

Inda zan ce ka daɗe shi ne Tuyuk, tsohon ƙauyen Uygur a bakin wani kwazazzabo. Gidajen ƙasa, ƙofofin katako masu fenti, lungu mai rufi, bishiyoyin tut, ruwa na gudu a gefen hanya. Ba don fuskokin mutanen ba, ka rantse kana wata unguwa a Zinder. A saman ƙauyen akwai hubbaren da mutanen wurin ke dangantawa da As'habul Kahfi. Ba su kaɗai ke wannan da'awa ba, akwai irinsa a Jodan da Turkiyya. Da can masu ziyara na zuwa daga nesa, amma mu daga waje muka hango shi, a rufe.

Gaba kaɗan sai gundumar Shanshan, cibiyar giyar inabin wannan kwari. Kamfanin da ya fi suna shi ne Loulan, wanda asalinsa ya koma 1976. Kwarin Turfan da Hami ɗaya ne daga yankuna huɗu na wannan sana'a a Shinjiyang, sauran su ne Yanci, kwarin Ili da arewacin Tiyanshan. Inabin giya daban yake da na ci: ƙanana, baƙi, fata mai kauri, ga ƙwallo, irin su Cabernet Sauvignon. Saboda yawan sukari, giyar nan takan yi ƙarfi, kuma suna yin mai zaƙi. Ziyarar kamfani sai an yi waya tukuna, kuma kashi uku ce: gona, ɗakin tankuna da gangunan katako, sai teburin ɗanɗano. Wanda addininsa bai hana shi ba, ya tuna dokar tuƙi cikin maye a Sin ba ta da sassauci, ga zafin da ke ninka aikin barasa a jiki. Mu a gona muka tsaya. Abin da ya riƙe ni shi ne siraran bututun da ke ɗiga ruwa a gindin kowane itace, ɗigo-ɗigo, a ƙasar da babu komai sai tsakuwa. Alhaji, wanda ke da gonar rani a Kadawa, ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Da ya miƙe cewa ya yi, "Mu kam ambaliya muke yi wa tumatir."

Rufe yinin a hamadar Kumtag. Tudun yashi ya zo har ƙarshen titin garin Shanshan, gidaje na ƙarewa rairayi na farawa. Je dab da faɗuwar rana, kuma kada ka cire takalmi kafin yashin ya huce.

Ci da sha

Abinci ba matsala ba ne. Lagman taliya ce da ake ja da hannu, da miyar naman rago da tattasai. Polo dafa-dukan shinkafa ce da karas da nama, da rana ake samunta, kan yamma ta ƙare. Kawap tsire ne, sai dai da kumin maimakon ƙuli. Samsa da gurasar nan daga tanderu suke fitowa da zafinsu. Gidan abincin Uygur ko na Hui, wato Sinawa Musulmi, ka nema. Kalmar halal da Sinanci ita ce cingjen, amma an cire rubutun Larabci daga alluna da yawa, don haka tambaya za ka yi.

A abin sha ne ake zamewa. Putao shi ne inabi. Putao-jr, a rubuce putaozhi, ruwan inabi ne zalla. Putao-jiu giya ce. Bambancin gaɓa ɗaya ne, don haka nuna a rubuce. Akwai musallas, abin sha na gargajiya da ake dafawa daga inabi, mai sayarwa zai ce maka magani ne. Yana bugarwa. Kabas, wanda ake zubawa a kofuna a kasuwar dare, shi ma jiƙa shi ake yi ya tashi. In kana shakka, shayi da kankana sun wadatar.

Salla da kame baki

Alƙibla a Turfan yamma take, ta ɗan karkata kudu. Bahaushen da ya saba cewa "duba gabas" sai ya juya. Ka yi sallarka a ɗaki, kasaru da jam'i na matafiyi sun sauƙaƙa maka. Kada ka shimfiɗa darduma a tasha ko bakin titi kamar yadda muka saba, kuma kada ka ɗauka kowane masallaci a buɗe yake ga baƙo.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun daga 2017 aka yi ta samun rahotannin tsare Uygur masu ɗimbin yawa a sansanoni. A ranar 31 ga Agustan 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto yana cewa an tafka munanan take haƙƙi a yankin. Gwamnatin Sin ta musanta, ta ce cibiyoyin koyar da sana'a ne da yaƙi da ta'addanci. Akwai waɗanda saboda wannan ba za su taka yankin ba, kuma ban ga laifinsu ba. In ka je, za ka ga kyamarori, shingaye da na'urar bincike har a ƙofar kasuwa. Ana iya tambayarka inda ka fito da inda za ka, ana iya duba wayarka. Amsa a taƙaice, da fara'a. Kada ka ɗauki hoton ɗan sanda ko shinge. Mafi muhimmanci, kada ka ja direba ko mai masauki da hirar addini ko siyasa don kana jin ɗan'uwanka ne Musulmi. Kai za ka hau jirgi ka tafi, shi yana nan. In ya yi maka sallama ka amsa, in bai yi ba "yahshimusiz" ta isa gaisuwa.

Baƙar fata kuma abin kallo ne a ƙauyuka. Za a nemi hoto da kai har ka gaji. Yawanci sha'awa ce kawai, kuma sau biyu hoton ya jawo mana kyautar inabin da muka kasa cinyewa.

Mataki na ƙarshe: haɗa kaya

Ɗanyen inabi ba ya jure tafiya, cinye shi a can. Wuƙaƙen ado da za ka gani a kasuwa ba sa wuce binciken tasha, kada ka yi asarar kuɗinka. Zabibi, gyaɗar waje da busasshiyar magarya irin tasu mai girman dabino su ne tsaraba. Ka sa mai shago ya zuba maka a leda mai kauri ya liƙe bakinta, kilo ɗaya-ɗaya, don rabo ya yi sauƙi a gida. Ka tuna jiragen cikin gida kilo 20 suka saba ba mai ƙaramin tikiti, ba kamar na ƙasa da ƙasa ba. Abin da ya haura, ka ba masauki su aika maka ta kamfanin aike zuwa wurin ɗan kagonka a Gwanzu, ya bi sauran kaya. Ni kilo takwas na ɗauko a hannu. Biyu daga ciki ba su ga Kano ba, mun cinye su a zaman jiran jirgi a Addis Ababa.